Tambaya da Amsa: Me Ke Cikin Kwalbar Jar Giyar Bordo?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru ne a kan abu guda, wato jar giyar inabi mai nauyi da ake haɗawa a yankin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa. Masu tambayar sun haɗa da ɗaliban kimiyyar abinci, da ma'aikatan otal, da manomin inabi. Hukuncin shan giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Ɓangaren noma da kimiyya muka ɗauka, don shi aka tambaye mu.

Assalamu alaikum, malamai. A darasinmu an ce giyar Bordo tana da "cikakken jiki". Abin da yake ruwa, ina ya ga jiki? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Kurɓi ruwa, sannan ka kurɓi madara, sannan kindirmo. Dukansu ana sha, amma nauyinsu a baki ya bambanta. Wannan nauyin ake kira jiki, kuma a jar giya abubuwa uku ne suke kawo shi.

Na farko ƙarfin barasar da ke ciki. Inabin da ya nuna sosai a Bordo yakan ba da ruwa mai sukari giram 220 zuwa 240 a kowace lita. Yisti yana cinye wajen giram 17 na sukari a lita kafin ya samar da kashi 1 cikin 100 na barasa, don haka lissafin yakan tsaya a kashi 13 zuwa 14, a shekarar zafi ya ɗara haka. Sukarin da ya rage bayan an gama bai cika wuce giram 2 a lita ba. Saboda haka ɗan zaƙin da ake ambata a kanta daga barasar yake da ƙamshin nunannen 'ya'yan itace.

Na biyu bauri. Ka san yadda goro ko shayin da ya daɗe a kan wuta yake kama baki ya busar da dasashi? Sinadarin da ke yin haka sunansa tanin, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema suke jiƙa fata da ita. Aikinsa iri ɗaya ne a wurare biyun: yana kama furotin ya ɗaure shi. A kwatarniyar majemi furotin ɗin fata yake kamawa, a baki kuma na miyau. Tanin ɗin inabi yana cikin ɓawo da ƙwayar ciki da kararen nono.

Na uku sauran abin da aka tsotso daga ɓawon, musamman launi. Matse jan inabi a tafin hannu ka duba, ruwan da zai fito fari ne tas. Jan duk yana cikin ɓawo, kuma dangin sinadarin da ke rina zoɓo ne. Shi ya sa irin da 'ya'yansa ƙanana ne masu kaurin ɓawo yake ba da giya mai duhu da nauyi, domin ɓawon ya yi yawa a kan ruwan. Akwai na huɗu da ba ya ƙara nauyi amma shi ke riƙe sauran, wato tsami. In ya yi ƙaranci sai abin ya zama lami, ya kuma yi saurin lalacewa.

Ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal. Baƙi sukan tambaye ni abin da ke cikin kwalbar Bordo, ni kuma ban ga sunan inabi a jikinta ba sai sunan gari. Me ya sa suke gauraya iri-iri maimakon su tsaya a kan ɗaya? Daga wani ma'aikaci, Yamai.

Ɗan'uwa, dalilin shi ne wanda ke sa manominmu ya shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya. Gero ya riga nuna, dawa ta biyo baya, in damina ta yi gardama a farko ko a ƙarshe ba a tashi hannu rabbana ba. Bordo tana bakin tekun Atlantika, ruwan sama ba ya da alkawari, musamman a Satumba da Oktoba lokacin tsinka.

Iri shida ne na gargajiya da doka ta yarda da su a jar giyar yankin: Merlot, Cabernet Sauvignon, Cabernet Franc, Petit Verdot, Malbec da Carménère. Uku na farko su ne masu gida. Merlot shi kaɗai ya cinye wajen kashi biyu cikin uku na gonakin jan inabi. Yana riga Cabernet Sauvignon nuna da mako ɗaya zuwa biyu, yana tara sukari da yawa, baurinsa da laushi, shi ke ba da tsoka. Rauninsa shi ne saurin tohowa, don haka sanyin Afrilu mai daskarar da raɓa yakan ƙone masa toho, kuma in aka yi ruwa da sanyi lokacin fure sai furen ya kakkaɓe bai ƙulla 'ya'ya ba. Cabernet Sauvignon kuwa mai jinkiri ne. Ɓawonsa kauri gare shi, ba ya saurin ruɓewa, shi ke ba da ƙashi da launi da ƙarkon ajiya. Amma in kaka ta zo da sanyi bai gama nuna ba, sai ya fito da wari irin na ɗanyen tattasai kore. Cabernet Franc ƙamshi ake nema a wurinsa. Petit Verdot kamar yaji yake, kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ya isa ya ƙara duhu. Malbec ya ja baya sosai bayan mugun sanyin Fabrairun 1956 da ya kashe kurangu masu yawa, masu gonaki suka maye gurbinsa da Merlot. Wani abin sha'awa: a 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar ta gwajin ƙwayar halitta cewa Cabernet Sauvignon ɗa ne ga Cabernet Franc da wani farin inabi, Sauvignon Blanc.

Sunan garin da ka gani a kwalba shi zai gaya maka wanda ya fi yawa a ciki. Koguna biyu, Garonne da Dordogne, suna haɗuwa su zama mashigin Gironde su faɗa teku. A gaɓar hagu akwai Médoc, inda garuruwan Pauillac, Margaux, Saint-Julien da Saint-Estèphe suke, sai Graves da Pessac-Léognan a kudancin birnin Bordo. Ƙasar nan tsakuwa ce. Ruwa ba ya kwana a cikinta, tana kuma riƙe zafin rana, abin da mai jinkirin nuna yake so. Yawancin Médoc ma fadama ce da, sai da injiniyoyin Holan suka janye ruwanta a ƙarni na 17. A manyan gidajen can Cabernet Sauvignon yakan kai kashi 60 zuwa 80, wani lokaci fiye, Merlot ya cike yawancin saura. A gaɓar dama, Saint-Émilion da Pomerol, ƙasar yumɓu ce da farin dutse, mai sanyi da riƙe ruwa, nan Merlot ke sarauta, Cabernet Franc na yi masa waziri. Gidan Pétrus a Pomerol kusan zallan Merlot yake yi, Cheval Blanc kuma an san shi da yawan Cabernet Franc.

In baƙo ya tambaye ka batun "1855" da ke jikin wasu kwalabe, jerin daraja ne da dillalan Bordo suka tsara don baje kolin Paris na wannan shekara, zamanin Napoleon na Uku, bisa farashin da kowane gida yake sayarwa. Gidaje huɗu suka hau matakin farko a jar giya: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Mouton Rothschild ya shiga cikinsu a 1973. A ganinmu jerin tarihi ne fiye da ma'auni, domin gonaki sun sha canja hannu da iyaka tun lokacin.

Don Allah a zayyana mana matakan aikin daga gona zuwa ganga, da adadi, domin jarrabawa ce a gabanmu. Daga wata ɗalibar fasahar sarrafa abinci, Kano.

To, ɗaliba, ɗauki alƙalami.

Daga fure zuwa tsinka kwana 100 ne zuwa 110. A manyan gonakin Médoc akan dasa kuranga 8,000 zuwa 10,000 a hekta ɗaya, amfanin kuma yakan tsaya tsakanin lita 4,000 zuwa 5,500 a hekta, domin doka ta sa wa kowane yanki iyaka. Kwalba ɗaya mai santilita 75 tana cin inabi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Kafin a tsinka ana auna sukari da tsami, amma gwani sai ya tauna 'ya'yan. In ƙwayar ciki ta koma ruwan ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙori, ta nuna. In kore ce mai ɗaci, baurin da za ta bayar mai kaushi ne, kuma babu dabarar da za ta gyara shi daga baya.

Ana tsince ruɓaɓɓu da ganye a kan tebur, inji ya cire kararen, a ɗan fasa 'ya'yan ba tare da an niƙa ƙwayar ba. Sai a zuba su a tanki na ƙarfe mara tsatsa, ko na siminti, ko na katako, kowane iri da kowane yanki na gona a tankinsa daban. Ki riƙe wannan, ba a gauraya inabin tun farko. Akan sa sinadarin farar wuta, giram 3 zuwa 5 a lita 100, don ya danne ƙwayoyin da ba a so. Wasu suna barin yistin da ya zo daga gona ya yi aiki, wasu su zuba na saye, wajen giram 20 a lita 100. Kada a cika tankin, a bar kashi ɗaya cikin biyar, don abin yana kumbura.

Tsimuwar farko tana ɗaukar kwana 7 zuwa 10. Yisti yana mai da sukari barasa, yana fitar da iskar kabon da zafi. Ana riƙe zafin a digiri 26 zuwa 30 na ma'aunin Salshiyas. In ya haura 35 yistin yakan mutu, aiki ya tsaya da sauran sukari a ciki, ƙwayoyin cuta su far masa su mai da shi tsami. Kullum safe da yamma ana auna kaurin ruwan. Yana farawa daga wajen 1.095 ya sauka ƙasa da 0.995, a nan an san sukari ya ƙare.

Iskar kabon tana tura ɓawon sama ya taru ya yi tauri, Faransawa suna ce masa hula. Duk launi da bauri suna cikin hular nan, ga ta kuma ta fita daga ruwa. Don haka sau ɗaya ko biyu a rana ake jawo ruwan daga gindin tanki da famfo a watsa shi a kanta. Nan ne gwaninta take. A yi da yawa a farkon kwanaki, lokacin da barasa ba ta taru ba, sai a samu launi da baurin ɓawo mai laushi. A matsa a ƙarshe, barasa ta jawo ɗacin ƙwaya. A bar hular ta bushe kuma, ƙwayoyin da ke yin ruwan khal su sauka a kanta. Bayan tsimuwa ta ƙare ana barin ruwan da ɓawon tare, jimillar zamansu mako uku zuwa huɗu.

Sai a buɗe bututun ƙasa, wanda ya zubo da kansa shi ne na farko. Tuƙar da ta rage a kwashe a matse, a samu na biyu mai duhu da bauri, kashi 10 zuwa 15 na duka, a ajiye shi gefe. Kwashe tuƙar nan shi ne aiki mafi haɗari a gidan. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a gindin tanki, ba launi ba wari, kuma ta sha kashe ma'aikata. Ba a shiga sai an hura iska, an auna, wani kuma yana tsaye a bakin tanki.

Akwai tsimuwa ta biyu wadda ɗalibai suke yawan mantawa. Wannan ba ta yisti ba ce, ta wata bakteriya ce mai suna Oenococcus oeni. Tana mai da tsamin malik, mai kaifi irin na ɗanyen tuffa, ya koma tsamin laktik irin na nono. Tana son digiri 18 zuwa 22, takan ɗauki makonni. In ba ta kammala a tanki ba, za ta iya tashi a cikin kwalba, abin ya gurɓace ya yi kumfa. Émile Peynaud na Jami'ar Bordo, wanda ya rasu a 2004, yana cikin waɗanda suka koya wa gidajen yankin sarrafa wannan mataki da kula da zafin tanki.

An ce ana fasa ƙwai a cikin gangar giya. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle? Kuma me ya sa sai gangar katako? Daga wani mai karatu, Damagaram.

Gaskiya ne, malam, amma farin ƙwan kaɗai. Bari mu fara da gangar.

Gangar Bordo tana cin lita 225, daidai kwalba 300. Da itacen wata bishiya mai suna ok (oak) ake yinta, daga dazuzzukan tsakiyar Faransa irin su Tronçais, bishiyar da ta shekara 150 ko fiye. Ana faskara itacen bisa jijiyarsa, domin in aka yanka da zarto ganga za ta yi yoyo. A jera allunan a waje su sha ruwa da rana shekara biyu zuwa uku, sannan maƙerin ganga ya kewaye su da ƙarfe, ya hura wuta a tsakiya don su lanƙwasu. Wutar tana gasa cikin, gashin nan kuma shi ke ba da ƙamshin banila da hayaƙi da gasasshen kofi. Sabuwa guda kuɗinta na kusa da Yuro 1,000. Bayan an yi amfani da ita sau uku ko huɗu, ƙamshin ya ƙare.

Babban aikinta dai shi ne shigar da iska kaɗan-kaɗan. Wannan 'yar iska tana sa tanin ya haɗu da launi, bauri ya yi laushi, ja ya zauna. Zaman yakan kai wata 12 zuwa 18, a manyan gidaje har kusan 24. Ruwan yana tsanewa ta jikin katako, kashi 2 zuwa 5 a shekara, gurbin da ya bari kuma iska ce ke cike shi, ta wuce kima. Shi ya sa ake bi ana cicciko gangunan, a watannin farko har sau biyu a mako. A al'ada duk wata uku akan tsiyaye ruwan zuwa wata ganga mai tsabta a bar lakar da ta kwanta. Mai aikin yana riƙe kofin gilas a gaban kyandir, da zarar ya ga ruwan ya fara dusashewa sai ya rufe bututu. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba giya mara ƙarfi a sabuwar ganga. Katakon sai ya rinjaye ta, ba a jin komai sai warin shagon kafinta.

Ƙwai kuma ga yadda yake. Ana ware farin ƙwai uku zuwa shida ga ganga ɗaya, a sa ɗan gishiri, a kaɗa a hankali kada ya yi kumfa mai tauri, a zuba a juya. Furotin ɗin ƙwan yana kama tanin mafi kaushi da 'yan ɓurɓushin da ke yawo, su nutse tare. Bayan wajen kwana 40 a tsiyaye, ƙwan ya tafi da laka. In aka zarce adadi, ya kwashe har launi da jiki. Mutanen Bordo suna danganta wata 'yar wainarsu mai suna kanele da gwaiduwar da ke raguwa daga wannan aiki.

Yaya ake yin haɗin kansa? Akwai ƙayyadadden ma'auni da ake bi kowace shekara? Daga ɗalibin Zariya, a wasiƙarsa ta biyu.

Babu. Kason yana canjawa da damina. Tsakanin Disamba da Maris, mai gida da shugaban rumbu da masanin da suka ɗauka suna jera samfuri daga kowane tanki, wani lokaci talatin ko arba'in. Da bututun awo na mililita 100 suke aiki: 65 na wannan, 28 na wancan, 4, 3, su ɗanɗana, su tofar, su sake. Kashi biyu kacal na Petit Verdot ko na ruwan matsi yana iya sauya abin gaba ɗaya. Ruwan matsin nan da aka ajiye gefe a nan ake shigar da shi, kaɗan ko da yawa, gwargwadon ƙashin da ake nema.

Tankunan da ba su kai ba, musamman na ƙananan kurangu, suna tafiya giya ta biyu mai suna daban. Ta Latour ita ce Les Forts de Latour, ta Margaux kuma Pavillon Rouge. A manyan gidaje abin da ke shiga ta farko sau da yawa bai kai rabin amfanin gonar ba. A Afrilu 'yan kasuwa da masu sharhi suke zuwa su ɗanɗana haɗin tun yana ganga, a yanka farashi, a biya, kaya kuma sai bayan kusan shekara biyu.

Ɗumamar yanayi ta fara taɓa lissafin. Merlot yana nuna da wuri ya tara sukari fiye da kima. A 2021 hukumar Faransa mai kula da sunayen yankuna ta yarda a gwada sababbin jajayen iri huɗu, Arinarnoa, Castets, Marselan da Touriga Nacional na Fotugal, da sharaɗin kada su wuce kashi 5 na gona da kashi 10 na haɗi.

Ni ne mai kula da sito a wani otal. Baƙi suna dawo mana da kwalabe su ce sun lalace, alhali a rufe suke. Me ke lalata su? Daga wani mai karatu, Abuja.

Malam, fara da duba sitonka kafin ka zargi mai kawo kaya. A ƙasarmu zafi ne ɓarawo na farko. Wurin ajiya ana so ya tsaya a digiri 12 zuwa 14, cikin duhu, kwalba a kwance don toshiyar ta jiƙu. Kwantenar da ta kwana biyu a rana a tashar jirgin ruwa, ko sito mai rufin kwano a watan Afrilu, suna haura 40. Ruwan ya faɗaɗa ya turo toshiya. Alamarsa: toshiyar ta ɗago sama da bakin kwalba, ko ka ga sawun ja mai danƙo a wuya. Ɗaukewar wuta da dawowarta ma illa ce, domin hawa da saukar zafi yana sa kwalbar ta riƙa zuƙar iska. Wadda iska ta shiga, launinta yana komawa ruwan ƙasa, ƙamshin ya mutu.

Sauran lahanin daga can suke zuwa. In baƙo ya ce yana jin warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi fumfuna, toshiyar ce. Da ɓawon wata bishiya ake yinta, wani lokaci fumfuna ta haɗu da sinadarin kulorin su samar da wani abu da ake taƙaita sunansa da TCA. Hanci yana kama shi ko da bai wuce kashi kaɗan cikin biliyan na giram ɗaya a lita ba. Ba laifinka ba ne, kuma ba ya gyaruwa. In warin turken doki ne ko na filastar ciwo, wani yisti ne ɗan kutse, Brettanomyces, mai ɓuya a tsofaffin gangunan da ba a wanke da kyau ba, ya fi kuma samun sake idan tsami ya yi ƙasa ko farar wuta ta gaza. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna yisti ya rasa abincin naitorojin lokacin tsimuwa. Warin khal ko na ruwan goge farce kuma aikin bakteriyar da ke mai da barasa tsami ne in ta samu iska. Dokar Tarayyar Turai ta tsayar da iyakar wannan tsami a jar giya a kusan giram 1.2 a lita.

Abu ɗaya da ba lahani ba ne: baƙar lakar da ke kwance a gindin tsohuwar kwalba, ko 'yan duwatsu masu ƙyalli a jikin toshiya. Launi ne da tanin da gishirin inabi suka kwanta.

Ina noman inabin ci. Na ji ana maganar "haɗin Bordo" na feshi. Shi ma giya ce? Kuma irin nasu zai yi a ƙasarmu? Daga wani manomi, Kudan, Jihar Kaduna.

Alhaji, wannan maganin fumfuna ne, ba ruwansa da giya sai suna. A 1882 Alexis Millardet, malamin ilimin tsirrai a Jami'ar Bordo, ya lura cewa kurangun bakin hanya a Médoc, waɗanda aka yayyafa wa shuɗin ruwa don tsorata masu satar inabi, ganyensu bai kamu da cutar fumfunar da ta cinye sauran ba. Ya yi gwaji, ya fitar da sakamakon a 1885.

Ga yadda ake haɗa na kashi 1: kilo ɗaya na shuɗin gishirin jan ƙarfe, wato kofa salfet, da kilo ɗaya na ƙonanniyar farar ƙasa, a ruwa lita 100. A narkar da kowanne daban a lita 50, cikin roba, kada a yi a bokitin ƙarfe don yana cin sa. A zuba shuɗin a cikin ruwan farar ƙasa ana juyawa, ban da akasin haka. Tsoma sabuwar ƙusa ko goggen wuƙa na minti ɗaya. In ta fito da ja-ja a jiki, farar ƙasa ta yi kaɗan, zai ƙone ganye, sai ka ƙara. A tace, a fesa a ranar, kafin cutar ta kama, domin rigakafi ne. Kada a fesa a kan fure ko a tsakar rana. Jan ƙarfe yana taruwa a ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta iyakance shi a kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai.

Kusan duk kurangun Bordo 'yan aure ne, kamar mangwaronmu. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera da ya shigo daga Amurka ya riƙa cin saiwa har ya kusa ƙarar da gonakin Faransa. Mafita ita ce a aura reshen Turai a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa.

Batun dasa irin nasu kuwa, ba mu ba ka shawara ba. Cabernet Sauvignon 'ya'yansa kamar wake suke, ɓawo da kauri, cike da ƙwaya, ba mai sayensa a tire. Can hunturu ne ke sa kurangar barci ta huta, a nan kuwa sai dai ka tilasta mata da aski da janye ban ruwa. Tsaya a kan irin ci masu manyan 'ya'ya, ka daidaita askinka yadda nunan zai faɗo a rani.

Kwalaben da ake rabawa a biki, masu rubutun babu barasa, su ma haka ake yin su? Daga wata uwargida, Kumasi.

Iri biyu ne, Hajiya, kuma takardar jikin kwalba ce ke raba su. Na farko ruwan inabi ne zalla da bai taɓa tsimuwa ba. An matse, an dafa shi sama-sama don kashe yisti, wani lokaci a sa masa gas. Za ki gane shi da yawan zaƙi, sukarinsa yakan kai giram 15 ko fiye a mililita 100. Na biyu giya ce da ta bi duk matakan da muka lissafa, daga baya aka cire barasar ta hanyar turara ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta matatar da ke raba sinadarai. A dokar Tarayyar Turai irin wannan tana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin 100, duk da wasu suna sauke ta zuwa 0.0. Hukuncin na biyun sai ki tambayi malamai. Wajen saye kuwa, juya bayan kwalba ki karanta jerin kayan haɗi: in kalmar farko ruwan inabi ce, na farko ne, in kuma an rubuta giyar da aka cire wa barasa, na biyu ne. Kowanne aka buɗe a sa shi a firji a shanye cikin kwana biyu zuwa uku, domin na farkon sukarinsa na nan, yistin da ke yawo a iska kuma ba ya jira.